Sunayen da ke Kan Hanyar Zagaya Mont Blanc

Hanyar ƙafa da ta zagaye dutsen Mont Blanc tana da tsawon kusan kilomita 170, kuma ta ratsa ƙasashe uku: Faransa da Italiya da Suwizalan. Mai tafiya a natse yakan gama ta cikin kwana 10 ko 11, yana yada zango a ƙauyuka da masaukan kan tsauni. Idan aka tara dukkan hawan da zai yi daga farko zuwa ƙarshe, ya kai kimanin mita 10,000, ko da yake ba inda hanyar ta haura mita 2,700. Akan bi ta daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba; sauran watannin dusar ƙanƙara ce ke da ita. Yawancin matafiya kan tashi daga Les Houches a kwarin Chamonix, su bar dutsen a hannunsu na hagu, su yi ta tafiya har su dawo inda suka fito.

Ƙololuwa ce ke jawo mutane. Amma allunan da ke gefen hanya kusan ba ruwansu da ƙololuwa. Sunayen da ke kansu na ciyawa ne da ruwa da mafaka da mashigi, domin manoma da makiyaya ne suka raɗa su, kuma idon makiyayi yakan tsaya inda ciyawa ta ƙare.

Shi kansa sunan Mont Blanc, wato Farin Dutse, bai zauna a bakin mutane ba sai a ƙarni na 18. Dutsen ya kai tsayin kusan mita 4,806, ya fi kowane dutse a tsaunukan Alps, amma wasu tsofaffin taswirori sun rubuta shi Montagne Maudite, la'anannen dutse. Akwai dalili. A ƙarni na 17 an yi wani dogon zamani na sanyi a Turai, kogunan ƙanƙara suka yi ta gangarowa cikin kwarin Chamonix suna cinye gonaki da gidaje. Abin ya kai mutanen kwarin suka roƙi bishop na Jeneba ya zo ya yi addu'a a gaban ƙanƙarar don ta tsaya. Ga wanda gonarsa ke bakin wannan masifa, farin da ke sama ba abin kallo ba ne. Masu hawa sama a lokacin su ne mafarautan akuyar dutse da masu neman duwatsu masu ƙyalli don sayarwa, kuma da sun sami abin da ya kai su sai su sauko. Baƙi ne suka zo da sha'awar ƙololuwa. Wasu Turawan Ingila biyu, William Windham da Richard Pococke, sun ziyarci Chamonix a 1741, labarinsu ya bazu. A 1760 wani masani daga Jeneba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa lada ga duk wanda ya gano hanyar hawa dutsen, kuma ba a ci ladan ba sai ranar 8 ga Agusta 1786, sa'ad da Jacques Balmat, mai neman duwatsu masu ƙyalli, da likita Michel-Gabriel Paccard suka isa sama. Saussure ya zagaye dutsen da ƙafa da alfadarai tun a 1767, kusan ta inda ake bi a yau. La'anar ba ta ɓace ba, ƙaura ta yi: wata ƙololuwa da ke kusa, mai tsayin mita 4,465, har yanzu Mont Maudit ake ce mata.

Daga cikin duwatsun da mutanen kwarin suka sa wa suna, wanda ya fi bayyana halinsu shi ne Aiguille du Midi, Allurar Tsakar Rana. Daga garin Chamonix, rana takan tsaya a kansa da tsakar rana. Agogo ne, kuma amfaninsa ne ya sa aka kira shi. Ƙololuwar da ba ta da aikin yi ta jira masu hawan dutse: a kan Grandes Jorasses, wanda ake hangowa daga ɓangaren Italiya, manyan tsinuka biyu suna ɗauke da sunan Walker da Whymper, Turawan Ingila da suka hau su a shekarun 1860.

Wanda ya ji kalmar alp yakan zana dutse a ransa. A bakin mutanen ƙauyukan, alp, ko arp a karin wasu kwaruruwa, filin kiwo ne na sama wanda shanu ke ci a watannin zafi. Rayuwar kwarin hawa uku ce. A ƙasa akwai ƙauye, inda ake hunturu da shanu a ɗaki, ana ba su busasshiyar ciyawa. A tsakiya akwai abin da mutanen Valais na Suwizalan ke kira mayen, daga sunan watan Mayu, lokacin da ake kai garke can ya fara cin sabon tsiro. A sama kuma akwai alp, inda shanu ke isa a Yuni su sauko a Satumba. Fulanin Afirka ta Yamma kan bi damina su yi ɗaruruwan kilomita tsakanin kudu da arewa. Wannan ita ce tafiyar, sai dai a tsaye take, kuma wuni ɗaya ya isa a yi ta. Kowane taki na sama yana jinkirta fitowar ciyawa, don haka garken da ke hawa a hankali kullum ɗanyar ciyawa yake ci, filayen ƙasa kuma su sami sarari a yanke su a ajiye don hunturu. A kan wannan lissafi aka kafa ƙauyukan, kuma hanyar da matafiya ke bi a yau, a mafi yawan tsawonta, hanyar shanu ce da alfadarai. Lokacin da ake buɗe ta ma shi ne lokacin kiwo.

Kalmar chalet ta fi kowace yin nisa daga gida. Asalinta ɗakin makiyayi ne a kan alp, na dutse da katako, inda ake tatsar nono a dafa cuku. Yau a tallar masu sayar da gidaje tana nufin gidan hutun mai kuɗi. Tsohuwar ma'anar ta rage a wuri guda mai ƙarfi, wato dokar cuku. Cukun Beaufort, wanda ake yi a yankin da hanyar ta ratsa, ba ya samun lambar chalet d'alpage sai an yi shi a sama da mita 1,500, da nonon garke ɗaya, sau biyu a rana bayan kowace tatsa.

Les Houches, inda ake tashi, masana sunaye na danganta shi da wata tsohuwar kalmar mutanen Gaul mai nufin ƙasar noma. Daga allon farko matafiyi zai lura cewa nisa da awa ake faɗinsa, ba da kilomita ba. Wannan ba ragwanci ba ne. Kilomita biyar a fili awa ɗaya ce, a kan tudu kuma tana iya cin uku, saboda haka awon da ya san gwiwa ya fi gaskiya. Kalmar da zai fi karantawa ita ce col, mashigi tsakanin duwatsu biyu, daga kalmar Latin mai nufin wuya. Jikin mutum ya bazu a taswirar: tête kai ne, dent haƙori, gorge maƙoshi. Mashigi na farko shi ne Col de Voza mai mita 1,653, daga nan a gangara zuwa Les Contamines, a bi gefen wani rafi mai suna Bon Nant. Nant kalma ce da ta riga Latin zuwa wannan ƙasa. Ta fito daga harshen Gaul, kuma a yankin Savoie tana nufin rafin dutse mai gudu. Bafaranshen Faris ba ya amfani da ita. A nan kuwa ta cika wuri, har masaukin da ke gaba kaɗan Nant Borrant ake ce masa.

Bayan cocin Notre-Dame de la Gorge kwalta ta ƙare, sai hawa a kan shimfiɗaɗɗun duwatsu da mutanen wurin ke kira hanyar Rumawa. Ana wuce La Balme. Ita ma balme tsohuwar kalma ce, tana nufin kogo ko dutsen da ya yi rumfa har mutum zai iya fakewa, kuma za a sake cin karo da ita a ƙarshen tafiyar. Sama kaɗan, a Plan des Dames, akwai tulin duwatsu da labarin gargajiya ya ce a nan guguwa ta halaka wata mace da baranyarta. Al'ada ce mai wucewa ya ɗora dutse ɗaya. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, tulin yana da aiki: a ranar hazo shi ke nuna hanya. Col du Bonhomme, mita 2,329, da Croix du Bonhomme da ke gaba da shi, su ne wurin da iska ta fi kaɗa matafiyi a wannan ɓangare, kuma fatake da 'yan koli sun daɗe suna tsoronsa.

A gangare akwai Les Chapieux, sa'an nan wani wuri da taswira ta kira Ville des Glaciers. Wanda ya san Faransanci zai sa ran birni. Abin da zai tarar gine-gine ne 'yan kaɗan da ɗakin dafa cuku. Sunan bai yi ƙarya ba. Ville a nan ta riƙe tsohuwar ma'anarta ta Latin, wato gidan gona. A birane ne kalmar ta kumbura.

Col de la Seigne, mita 2,516, shi ne iyakar Faransa da Italiya. Ruwan da ya zuba a yammacinsa yakan bi Isère ya shiga Rhône, wanda ya zuba a gabas kuma ya bi Dora Baltea ya shiga Po. Rabon ruwan ya tsufa, rabon mutanen kuwa sabo ne. Har zuwa 1860 Chamonix da Courmayeur suna ƙarƙashin sarauta ɗaya, gidan Savoie. A shekarar ne aka miƙa Savoie, inda Chamonix yake, ga Faransa, kwarin Aosta kuma, inda Courmayeur yake, ya zauna da abin da ya zama Italiya. Shekara 80 bayan haka, a Yunin 1940, sojojin Italiya suka kawo hari ta wannan mashigi, aka yi yaƙi a filayen kiwon da ke tsakanin Seigne da Les Chapieux. Tsohon barikin iyaka da ke ɓangaren Italiya, La Casermetta, yanzu wurin bayani ne kan muhalli. Har gobe kuma ƙasashen biyu ba su daidaita kan inda iyaka ta bi a kan ƙololuwar Mont Blanc ba.

Kwarin da ke ƙasan mashigin ya nuna yadda kunne ke sake suna. Mutanen wurin Lex Blanche, ko Lée Blanche, suke ce masa. Matafiyan da suka zo da Faransancin birni suka ji wani abu daban, suka rubuta l'Allée Blanche, Farar Hanyar Lambu, kuma da wannan suna ya shiga littattafan tafiye-tafiye na ƙarni na 18 da na 19. Suna ne mai daɗi, amma babu lambu a wurin. Taswirorin yau sun koma ga Lex Blanche.

Kuskuren ya faru ne saboda harshen ƙauyukan ba Faransanci ba ne, ba Italiyanci ba. Makiyayin Savoie da na Aosta da na Valais harshe ɗaya suke yi, kowa da karinsa, kuma su da kansu patois suke ce masa. Sunan ilimi daga waje ya zo: a 1873 masanin harshe na Italiya, Graziadio Isaia Ascoli, ya ware shi a matsayin rukuni mai zaman kansa ya kira shi Franco-Provençal, suna mai ɓad da hankali, domin yana sa a zaci haɗin gambiza ne na harsuna biyu. A shekarun 1970 wasu masu kishinsa suka ƙirƙiro Arpitan, daga arp ɗin nan ta filin kiwo. Alamarsa mafi bayyana tana a ƙarshen sunaye. Harafin z a Forclaz da x a Chamonix ba a furta su; marubutan dā sun sa su ne don nuna inda nauyin kalma ya faɗi. Mutumin kwarin Shamoni zai ce, kuma daga yadda aka furta sunan garin yakan gane baƙo.

Courmayeur, mita 1,224, shi ne babban gari a tsakiyar tafiyar, kuma sunansa ya taɓa shiga hannun hukuma. Gwamnatin Mussolini, mai son kowane suna a Italiya ya zama na Italiyanci, ta mai da shi Cormaiore a 1939, ta mai da maƙwabcinsa La Thuile ya zama Porta Littoria. An dawo da tsofaffin sunayen a 1946, kuma dokar cin gashin kai ta 1948 ta daidaita Faransanci da Italiyanci a kwarin Aosta. Tun 1965 ramin mota mai kilomita 11.6 ya haɗa garin da Chamonix ta ƙarƙashin dutsen; abin da mai ƙafa ya yi a kwana huɗu ko biyar, mota takan yi shi cikin mintuna.

Masaukan ɓangaren Italiya suna da wani salo na suna. Elisabetta, Bertone, Bonatti, Elena, duk sunayen mutane ne. Na Bonatti an sa shi don Walter Bonatti, fitaccen mai hawan dutse da ya rasu a 2011, kuma yana fuskantar Grandes Jorasses kai tsaye. Makiyayi yakan kira wuri da abin da ke wurin; ƙungiyoyin masu hawan dutse kan kira shi da wanda suke son tunawa. Kalmar da ke gaban sunan, refuge a Faransa, rifugio a Italiya, tana nufin wurin gudun tsira. Tsarinsa bai sake sosai ba: a tuɓe takalmin tafiya a bakin ƙofa, a kwana a ɗaki ɗaya a kan jerin gadaje, a ci abincin dare lokaci guda a dogon teburi tare da mutanen da ba a sani ba. Abin da ya sake shi ne shiga. A Yuli da Agusta sai wanda ya kama gado watanni kafin zuwansa, kuma mafakar da ake nema tun wata shida kafin hadari ta kusa zama otel. Da yawa daga cikinsu dai suna barin ɗaki ɗaya a buɗe a lokacin hunturu, ba mai tsaro, don wanda dare ko guguwa ta ritsa da shi. A wannan ɗakin kalmar take da cikakkiyar ma'anarta.

Daga Courmayeur hanya ta bi Val Ferret, ta wuce Arnouva, wato arp nouva, sabon filin kiwo, ta hau Grand Col Ferret mai mita 2,537 ta shiga Suwizalan. Kwarin da ke wancan gefen shi ma Val Ferret ne. Suna ɗaya a ƙasashe biyu shaida ce cewa ga mutanen dā mashigin ƙofa ce a tsakiyar gida. Gangaren Suwizalan ya fi sauƙi, ƙauyukansa kuma sun fi riƙe kamanninsu: La Fouly, sai Praz-de-Fort, inda praz ke nufin filin ciyawa, da rumbunan katako da rana ta ƙona suka yi baƙi. A nan ake ganin shanun Hérens, gajeru, baƙaƙe, masu kaurin wuya. Idan aka haɗa garkuna a ranar hawa alp, shanun kan yi ta karo da kai har ɗaya ta rinjayi sauran, ita ce za ta ja gaba duk lokacin kiwon. Reine ake ce mata, sarauniya. Daga wannan hali aka yi gasa, ana yin ta a Valais da kuma kwarin Aosta, kuma gidan da ya mallaki sarauniya yana da abin alfahari na shekara.

Bayan tafkin Champex hanya ta rabu biyu. Mai sauƙin ta bi wani filin kiwo mai suna Bovine. Mai wuyar ta hau Fenêtre d'Arpette, mita 2,665, Tagar Ƙaramin Alp, wata 'yar tsaga a cikin duwatsu da ke buɗewa a kan kogin ƙanƙarar Trient. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 an riƙa sassaƙa wannan ƙanƙara ana kai ta har Faris da Lyon da Marseille, kafin injin sanyaya abinci ya kashe sana'ar. Hanyar da aka bi da ita tana gefen wani bisse, wato magudanar ban ruwa da aka haƙa a jikin dutse, domin Valais yanki ne mai ƙarancin ruwan sama, kuma ciyawar hunturu sai da ban ruwa. Magudanar ta kai Col de la Forclaz, ƙaramar gwafa, inda hanyoyi suka rabu.

Col de Balme, mita 2,191, shi ke mai da matafiyi Faransa, kuma daga nan kwarin Chamonix gaba ɗaya yana gabansa. Kwana biyun ƙarshe a kan tudun da ke fuskantar dutsen ake yin su, ta La Flégère da Le Brévent mai mita 2,525. Daga can ake hango Mer de Glace, Tekun Ƙanƙara, mafi girman kogin ƙanƙara a Faransa. Wannan suna na baƙi ne, kuma shi ne ya fi saurin tsufa. Sa'ad da jirgin ƙasa na Montenvers ya fara kai masu kallo a 1909, ƙanƙarar tana kusa da tashar. Ta yi ta janyewa tana nutsewa, aka yi ta ƙara matakala don a kai gare ta, har matakan suka haura 500 kafin a gina sabuwar motar igiya. Tekun da kakannin mutanen kwarin suka kira bishop a kansa, yanzu mafi yawan abin da ake gani daga sama tsakuwa ce mai toka-toka a ƙasan wani rami mai zurfi.

Sabbin sunayen hanyar haruffa ne. Alluna sun taƙaita ta zuwa TMB, kuma tun 2003 ake yin tseren UTMB a ƙarshen Agusta, inda waɗanda suka fi gudu ke zagaye dutsen cikin kusan awa 20, dare da rana. Haruffan ba su da kari, kowane baƙo yana iya furta su, shi ya sa suka karɓu. Harshen da ya haifi nant da balme da praz da arp kuwa yana cikin jerin harsunan da UNESCO ta ce suna fuskantar ɓacewa. A Savoie da mafi yawan ƙauyukan Valais tsofaffi ne kawai ke yin sa. Kwarin Aosta ne wurin da har yanzu ake jin sa a bakin iyalai da yawa a cikin gida.